Duwatsun Ƙarƙashin Taga

Yayana magini ne, kuma da dutse yake gini, bulo ba ya burge shi. Ni direban babbar mota ne, ko in ce na taɓa zama, domin bara ƙuguna ya ce ya gaji da zaman kujera, likita kuma ya ce yana da gaskiya. Na dawo gida bayan shekara talatin da ɗaya a kan titi, ba ni da aiki sai shan shayi da musu da rediyo. Matata ta daure wata biyu, sannan ta je da ƙafarta ta roƙi Yaya ya riƙa fita da ni, don ta samu ta sha iska a gidanta. Haka na zama mai tuƙa masa tsohuwar motar ɗaukar kayansa, wadda ƙofarta ta hagu sai an ɗaure da igiya.

Lokacin dogon hutu shugabar makarantar firamaren unguwarmu ta aiko kiransa. Ta ce bangon ajujuwan gabas yana ɓarewa, yara har sun mayar da ɓare shi wasa. Na san bangon sarai. Mahaifinmu ne ya gina shi, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe kafin ya rasu.

Ranar da muka je dubawa Auta ta biyo mu. Ita ce ƙaramar 'yar Yaya. Ta yi karatun duwatsu da ƙasa a jami'a, yanzu tana aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse, ita ke gaya musu inda za su huda. Ta zo hutu gida, kuma hutu a wurinta lokaci ne na ja-in-ja da ubanta.

Bangon ya kai taku arba'in, duk na dutsen yashi ne, ja-ja mai ratsin ruwan ƙasa. Daga tushe har rufi lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu. Amma ƙarƙashin kowace taga, kuma tagogin huɗu ne, akwai faffaɗan duwatsu shida, uku sama uku ƙasa, masu wani lanƙwasasshen zane a fuska irin wanda ruwa ke bari a kan yashin bakin kogi idan ya janye. Waɗannan ne suka lalace. Auta ta tsuguna, ta sa farce a gefen ɗaya, ta ɗago ɓawo mai faɗin tafin hannu ba tare da ta yi wani ƙarfi ba.

"Abba, waɗannan a tsaye aka sa su," ta ce.

"Na sani," in ji Yaya.

"To ai shi ke nan ciwon. Dutsen nan yashi ne da ruwa ya shimfiɗa, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Kamar littafi yake. Ka kwantar da littafi ka hau kansa, ba abin da zai same shi. Ka tsayar da shi ka zuba masa ruwa ta sama, shafi-shafi zai buɗe. Dubi sauran bangon, duk a kwance suke yadda aka ciro su daga rami, shi ya sa ba su ce komai ba."

Yaya ya cire hularsa ya sake sawa, abin da yake yi ke nan idan ransa ya fara ɓaci.

"Ni za ki koya wa kwanciyar dutse? Tun kafin in san uwarki nake kwantar da dutse. Kakanki ne ya sa waɗannan da hannunsa, kuma shi ne ya koya mana cewa a kwantar. In mutumin da ya kafa doka ya tsayar da dutse a wani wuri, to ya san abin da ba ki sani ba. Ƙarƙashin taga daban ne. Rufin nan ne ya yi gajere, ruwa ke dukan wurin."

"Ruwan ai duk bangon yake duka, Abba."

"Direba, ka ji 'yarka ko?" ya ce da ni. "An ba ta takarda, ta zo tana gyara wa matattu aiki."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ni tayar mota na sani. Ƙarya nake yi. Na san duwatsun nan ashirin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, domin ba Baba ne ya sa su ba, ni ne.

Ina da shekara goma sha tara a lokacin. Yaya yana wani gari yana gina wa wani mutum shago, Baba kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi saura tagogi kawai a gama bangon. Ya ce in cike ƙarƙashinsu kafin kafinta ya zo. A cikin tulin duwatsun na tarar da waɗannan masu zane, na ga ba daidai ba ne a binne irin wannan kyau a cikin bango inda ba mai gani. Na san dokar sarai, tun ina yaro ake maimaita min ita har ta gundure ni. Amma a shekara goma sha tara mutum yana ganin doka an yi ta ne don marasa basira. Na tsayar da su, fuska waje, na goge su da tsumma har suna ƙyalli. Bayan kwana tara Baba ya rasu. Yaya ya dawo, ya je makarantar shi kaɗai, ya dawo gida idonsa jawur yana cewa bai taɓa ganin aikin Baba mai kyau irin wannan ba. Na bar shi da zatonsa. Bayan wata uku na bi wata mota na bar gini, kuma ban sake riƙe cokalin gini ba.

Yanzu ga shi Yaya ya yanke magana a gaban shugabar makaranta: za a cire ruɓaɓɓun, a nemo irinsu, a mayar da su a tsaye yadda Baba ya yi. Auta ta kalle ni tana neman mai mara mata baya. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Washegari muka tafi ramin da ake fasa dutse, tafiyar awa ɗaya daga gari. Wuri ne da aka yanke gefen tudu aka bar shi tsirara, kana iya ganin shimfiɗun dutsen hawa-hawa tun daga ƙasa har sama, wata kauri kamu ɗaya, wata ba ta fi yatsa biyu ba, wata ja, wata fara-fara, wata kalar toka. Na yi shekaru ina wuce irin waɗannan wurare da mota ban taɓa ɗaga kai ba.

Duk haushin da nake ji na taurin kan Yaya, idan yana zaɓen dutse sai ka tsaya ka kalla. Yakan fara da shafa shi da babban yatsa. Idan yashi ya zubo masa a hannu da yawa sai ya wuce, ya ce wannan bai gama zama dutse ba. Wanda ya ji kaushi amma bai zuba ba, sai ya ɗaga shi a gefe ɗaya ya ƙwanƙwasa da guduma. Mai kyau yana amsawa da ƙara siririya, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ka ji dif, kamar ka bugi buhun gari. Daga nan ya zuba ruwa kaɗan daga gorarsa ya tsaya yana kallo. Duk dutsen yashi yana shan ruwa, amma wanda ya shanye nan take kafin ka ƙifta ido, Yaya ba ya ɗaukarsa.

"Wannan mashayi ne," ya ce game da wani. "Bar wa Auta, su ke son irinsa."

"Muna so kuwa," ta ce. "Rabin rijiyoyin da muka haƙa, a cikin irinsa muka sami ruwa. Tsakanin ƙwayoyin akwai 'yan ƙofofi, can yake zama. Baffa, zo ka gani."

Ta ba ni wani ɗan gilashi mai ƙara girma da take rataye da shi a wuya, ta nuna min yadda zan kawo shi kusa da ido. Sai ga dutsen ya zama tarin ƙwayoyi manne da juna, wasu masu haske kamar sukari, wasu jajaye, duk gefensu ya goge ya yi santsi. Ta ce kowace ƙwaya daga jikin wani dutse ta ɓalle, ruwa ya yi ta gangaro da ita har ya ajiye ta a gindin kogi ko bakin teku. Wani yashin ya hau kanta, wani ya hau kan wancan, nauyi ya matse su, ruwan da ke ratsawa ya bar abin da ya liƙe su, shekaru da ba a iya ƙirgawa. Jan launin kuma, in ji ta, tsatsar ƙarfe ce. Zanen nan da ke fuskar wasu, sawun ruwa ne na ranar da aka shimfiɗa yashin.

"Ashe shi ma ɗan hanya ne irina," na ce.

"Shi ai ya samu ya zauna wuri ɗaya ya yi amfani," in ji Yaya, bai ko ɗago kai ba.

Tsohon da ke kula da ramin ya ba ni wani guntu mai laushin ƙwaya, ya ce in kai wa mai ɗakina ta riƙa wasa wuƙa. Na sa a aljihu. Yaya kuwa ya yi ta tona tuli har ya tara masu zane guda talatin, don ko wani zai fashe a hanya. Muka loda su a kan tsofaffin tayoyi, kuma na lura ko a cikin mota a kwance ya jera su.

A hanyar dawowa, da muka shigo gari ta wata unguwa da ban saba bi ba, Yaya ya ce in rage gudu. Ya nuna wani gida mai shuɗiyar ƙofa.

"Ni na gina wannan. Dubi ƙarƙashin taga."

Na duba. Duwatsu shida ne a tsaye, zane a waje. A gindin bangon akwai jan gari da 'yan ɓawo da tsintsiya ba ta kai gare su ba.

"Duk gidan da na gina da dutse haka nake yi musu," ya ce, muryarsa a sake. "Goma sha ɗaya ke nan, har da na yayar wannan mai bakin. Ba na gaya wa masu gida dalili. Ni dai na san hannun Baba ne nake bari a wurin."

Saura kaɗan in hau kan wani mai keke. Shekara talatin da ɗaya ina ɗauka kuskurena yana bango ɗaya ne, a bayan makaranta, inda ba ya cutar kowa sai ni idan na tuna. Duk shekarun da nake kan titi ban taɓa bin Yaya wurin aiki ba, in na zo gari kwana biyu nake yi in koma, gidana kuma na bulo ne. Ashe abin da na yi cikin kwana uku don burge kaina, shi ya ɗauka wasiyya ya yi ta rabawa gidajen mutane. Kunya ta kama ni.

Ta madubi na ga Auta tana kallon gidan har muka sha kwana.

Kwana biyu muka yi muna gyara gefen sababbin duwatsun a farfajiyar makaranta, a inuwar wata bishiya. Yaya yana sassaƙa, ni ina juya masa su ina share gari. Sau uku na buɗe baki, sau uku abin da ya fito shi ne maganar mai ko ta taya. Na yi ta ba kaina hujja. Na ce mutumin nan ya haura sittin, me sanin zai ƙara masa? Na ce dutsen zai yi shekara ashirin kafin ya fara ɓarewa, lokacin wa ya san inda muke? A gida matata ta ga na bar rabin abinci, ta taɓa goshina, ta ce in dai ba zazzaɓi ba ne to laifi ne, in je in nemi wanda na yi wa. Na ce mata wuƙarta ce ba ta da kaifi, na ba ta dutsen.

Ranar Laraba da hantsi aka zo sawa. Yaya ya ce kafin a fasa tsofaffin, zai gwada sabo ɗaya a jikin bango ya ga yadda zanen zai hau da na kusa. Ya ɗauko shi ya jingina a tsaye ƙarƙashin taga ta farko, ya ja da baya yana karkata kai. Auta tana zaune a kan baro da aka kifa, ta daina musu tun jiya, kuma shirunta ya fi musun damuna. Na ga yadda take kallon ubanta, kallon wanda ya san yana da gaskiya amma ya zaɓi ya bar tsoho da abinsa. Ni na jawo mata wannan ma.

"Yaya," na ce, "kada ka tsayar da shi."

"Kai ma ta shigar da kai makarantarta?"

"Ba Baba ne ya sa duwatsun nan ba. Ni na sa su."

Ya juyo gaba ɗaya. Bai yi kama da mai fushi ba, ya yi kama da wanda aka yi wa magana da yaren da bai iya ba.

"Kai? Kai da ko igiya ba ka iya ja daidai ba?"

"Dubi layin ƙasa na taga ta uku. Ya karkata hagu da kaurin yatsa. Baba zai bar wannan?"

Ya tafi taga ta uku ya tsuguna. Ya daɗe a wurin. Ya sa ido a gefen layin, ya rufe ɗaya, ya sake dubawa. Na tabbata ya ga karkatar nan sau ɗari a rayuwarsa, kuma sau ɗari ya ba ta wani suna. Na gaya masa sauran a tsaye a bayansa, yadda Baba ya kwanta, yadda na ga zanen ya ba ni sha'awa, yadda ya dawo yana yabo na kasa magana. Ban nemi kare kaina ba, ba ni da abin karewa.

"Shekara talatin," ya ce, har yanzu yana tsugune. "In aiki ya cushe min, nan nake zuwa da yamma in zauna. In ce ga abin da ya bar min da bai samu ya faɗa da baki ba." Ya shafa layin da yatsa. "Ashe kai nake zuwa gaisarwa."

"Ka yafe min, Yaya."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa.

"Ya gani kafin ya rasu?"

"Ya gani. Ya matsa sai na kawo shi, na ɗauko shi a bayan keke."

"Me ya ce?"

Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Na ce: "Ya kalla, ya ce, 'Kai, ka tsayar da su.' Na ce sun fi kyau haka. Ya ce, 'Sun fi kyau. Kada ka taɓa su kai kaɗai, za ka ɓata min tagogi. In na samu sauƙi za mu sauke su tare.'"

Auta ta sa bayan hannu ta goge ido. Yaya ya kalli bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Bai samu sauƙi ba," ya ce.

"Bai samu ba."

Ya je wurin sabon dutsen da ya jingina, ya kama shi da hannu biyu ya kwantar da shi a ƙasa, zanen yana kallon sama. Ya ce da Auta ta auna kaurinsu, domin a kwance sai an yanka su siri-siri an yi layi biyar maimakon biyu, kuma talatin ɗin ba za su isa ba. Ta tashi da sauri ta ɗauko abin awo. Ya ce mata in an gama nan za ta raka shi gidan yayarta, daga can su bi sauran goman ɗaya bayan ɗaya, shi zai yi wa masu gida bayani da bakinsa.

"Ni zan yi musu," na ce.

"Kai ka gina musu?"

Ya ɗauko gudumarsa da ƙarfen sassaƙa ya miƙo min, ƙota ta wajena.

"Fara da taga ta farko. Ka bi ta layin siminti, a hankali, kada ka taɓa na gefe."

Na tsuguna duk da ƙuguna, na kafa bakin ƙarfen a saman dutsen farko. Na so ya tsaya a kaina ya yi min faɗa, ya ce na riƙe guduma kamar sitiyari, ya ce komai. Amma kafin in kai bugun farko ya juya baya. Ya taka har can ƙarshen bangon, inda babu taga kuma babu zane, sai duwatsu a kwance layi bisa layi waɗanda ba mai tsayawa kallonsu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya, ya tsaya a nan duk tsawon lokacin da nake fasawa.